Bishambhar Chaube da Kindirmon Ƙetare

Bishambhar Chaube ya ƙare rayuwarsa da ludayi a hannu, wa'azi a baki. Shi ke dafa abincin da ake miƙa wa abin bautarsu Krishna a ɗakin bautar ƙauyensu, abincin da ko ɗanɗanawa ba a yi sai an miƙa. Shi kuwa tun a madafa yake cin rabonsa, ya goge gashin baki, ya fito yana waƙar yabo.

Wa'azinsa ɗaya ne: kwaɗayi igiya ce, ita ke janyo rai ya yi ta dawowa duniya, haihuwa bayan haihuwa. Magana ce ta gaskiya, sai dai mai faɗarta tumbinsa ke riga shi shiga ƙofa.

Da tsufa ya zo, ya duba bai tara komai ba sai teɓa, sai ya nemi yanke. Ya kwashi matarsa Phoolmati suka koma Banaras, inda duk wanda ya cika ya huta da dawowa. Amma fa sai a gaɓar kogin Ganga ta ɓangaren birnin. Wanda ajali ya riska a ƙetare, jaki zai dawo. Don haka ko da ƙanwarsa ta rasu a can, bai je gaisuwa ba.

Abin da zumunci ya kasa, kindirmo ya yi. Maƙwabta suka ishe shi da labarin kindirmon garin Ramnagar, can ƙetare, mai sukari da kauri, har cokali ke tsayawa a ciki.

"Malam mai wa'azi, ina igiyar taka?" in ji Phoolmati, ganin yana neman sandarsa.

"Yanzu zan dawo. Mutuwa ba ta san na fita ba."

Da ya haye, ya sha kasko biyu a tsaye, ya sa aka cika masa tukunya ta guzuri. Ya shiga kwalekwalen dawowa, ba su yi nisa da gaɓa ba ƙirjinsa ya riƙe, gumi ya karyo masa. Mai kwalekwale, wani dattijo Nanhaku, ya gane abin da ke faruwa, ya shiga tuƙi iya ƙarfinsa, ga hasumiyoyin Banaras can gaba. Kwalekwale ya yi ta tangaɗi.

"Daure, Baba. In mun wuce tsakiya ka tsira."

Chaube ya ƙanƙame tukunyar a ƙirji, ya buɗe baki da ƙyar.

"A hankali, kai. Zai zube."

Nanhaku ya sassauta, don ba a musu da babba. Ba su kai tsakiyar ba.