Dutsen murhuna

Ƙasarmu ta Dogo-Dogo rairayi ce, dutse baƙo ne. Matan garin da tubalin laka suke kafa murhu, ni kuwa ina da dutse guda na gaske, wanda maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ɗauko mini kan raƙumi daga can bayan Tanut. Ran da na taɓa shi na ce wannan itace ne. Ga ɓawo, ga gurbin reshe. Mata suka yi ta dariya, wai wane itace ne wuta ba ta ci. Na ƙyale su. Macen da ta tsufa tana faskare ba a koya mata itace.

Bara jikata da ke babbar lakwal, wato jami'a, a Damagaram ta zo hutu. Ina tuƙa tuwo ta tsuguna tana ƙare wa murhu kallo.

"Kaka, kin san a kan me kike girki? Bishiya ce ta zama dutse."

"Sannu, malama. Tun ba a haifi uwarki ba na faɗa."

Ta ce wai can da farko doron ƙasa ba tsiro sai irin gansakukar bakin rijiya, kwance, ba saiwa. Daga baya aka samu masu jijiyar jan ruwa sama, tsawonsu bai fi yatsa ba, ba ganye. Bishiya sai can baya ƙwarai. Na ce wa ya gani? Ta ce shatinsu na cikin duwatsu, na ƙasa ya girmi na sama. Wannan kam na yarda; na ga haƙar rijiya, kuma ina da juji.

Sai ta fito da abin da ke ranta: a ba ta dutsen ta kai wa malaminsu na lakwal ya duba jijiyoyin.

"Tukunyar fa, a kanki zan ɗora ta?"

"Haba tsohuwa, tubali fa ya cika gari!"

Mai kawo mini wani dutsen ya riga ya kwanta dama. Amma yarinyar ita ce ta fara gaskata ni.

Da murhu ya huce na juya dutsen, na nemi inda tsagin ya bi, yadda nake yi wa icen gawo. Na kafa bakin tsohon gatari, na buga sau biyu. Ɓallin ya fita miƙe, kamar tsawon tafin hannu. Na ƙulle mata shi a tsumma, na mai da sauran mazauninsa, na ɗora ruwan zafi.