Sunan da waya ta nema a bakina

Shekarun baya, lokacin muna zaune a Sharaɗa bayan wani kamfanin buhu, 'yata ta fari ta gama karatun kwamfuta tana zaman jiran aiki. Da ƙyar manajan kamfanin ya yarda ta haɗa wa matan da ke ɗinke bakin buhu darasin Turanci a waya, don su riƙa gane rubutun jikin inji. Ya ce in matan suka riƙe abin zai ɗauke ta aiki, in suka watsar shi ke nan.

A kaina ta fara gwadawa, tunda ni da girmana na shiga ajin yaƙi da jahilci. Ta ce, "Umma, in dai kin iya, kowa ma zai iya." Na ce to, na gode da wannan yabo.

Abin ya ba ni sha'awa. Wayar ce za ta yi tambaya, mutum ya amsa da baki, in ya yi daidai wata 'yar tauraruwa ta fito, a buɗe masa darasi na gaba. Na farko gaisuwa ce, na haye har ina jin kaina. Na biyu a kan iyali ne. Ta tambayi sunana, na faɗa. Ta tambayi sunan maigida, na yi kamar ban ji ba. Ta ce to ɗanki na fari fa? Sai na kife ta a kan tabarma.

Mu da muka tashi a ƙauye ba ma faɗin sunan miji, balle na ɗan fari. Tun da na haifi yarinyar nan sunanta bai taɓa fita daga bakina ba, "ke" nake ce mata. Da ta tambaye ni ina na kai, na ce babu sabis. Washegari na ce caji ne.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Tana gani a kwamfutarta, manyan matan duk a darasi na biyu suke tsayawa. Ta rage saurin muryar, ta canja hotuna, ta gajarta darasin, babu wadda ta motsa. Manaja ya aiko cewa yana gani kamar abin bai karɓu ba. Yarinya ta daina cin abincin kirki. Ni kuwa na san dalili, amma ta ina zan fara zancen sunanta a gabanta?

Wata rana da la'asar maƙwabciyata, wadda take aiki a kamfanin, ta shigo bayan an tashi daga aiki, zaren buhu duk a hijabinta. 'Yata ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Baba, don Allah me ya sa kuka daina?"

"Ke, wayar nan taki ba ta da kunya! Ana hutun azahar, ga jama'a, ga ƙanwar Malam a gefena, wai in ɗaga murya in faɗi sunansa? Wata ma don ta wuce sunan maigadi ta faɗa. Har yanzu amaryar maigadi ake ce mata."

Ta yi ta dariya. 'Yata ba ta yi ba. Ta juyo ta ce, "Umma, wannan ne sabis ɗin?" Na ci gaba da tsintar shinkafata kamar an sa ni gasa.

Ta sake darasin. Yanzu wayar cewa take, me kike kiransa? Ko Malam aka ce, ko Alhaji, ko baban yara, tauraruwa ta fito. Matan suka dawo, har da rige-rige, aka kuma ɗauke ta aikin.

Ran da ta kawo mini sabon darasin, ta zauna kusa da ni, ba ta kalle ni ba ta ce, "Wallahi Umma da nake rubuta tambayar nan ke ce a raina. Na ce wataƙila da Turanci za ki iya. So nake in ji yadda sunana yake a bakinki." Sai na ce ta je ta duba tukunya.

Na daɗe ina juya maganar. Ni a wajena rashin faɗar nan girmamawa ce, haka uwata ta yi wa yayana. Ban taɓa tunanin akwai mai jira a ɗaya ɓangaren ba. Har yau ban san wadda ta fi gaskiya a cikinmu ba, kuma har yau bakina bai iya ba.

Amma a ranar na ɗauki wayata, na goge "Yarinya" da na sa a lambarta, na rubuta sunan baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana a aji. Duk sanda ta kira sai ya fito. Nakan bar wayar ta ɗan yi ƙara ina kallonsa, sannan in ɗauka in ce, "Ke, ya aiki?"