Ranar da Na Kai Jinin Rago Gwajin Taifot

Na manta abubuwa da dama a rayuwa, har da fuskokin wasu ɗalibaina, amma ranar da na kai jinin rago gwaji a Bodinga ba za ta taɓa fita raina ba.

Zamanin mulkin farar hula na biyu ne, ana tsakiyar tsuke bakin aljihu. Ina koyarwa a wata firamare a Shagari. Asibiti ya koma gini kawai, ka je a rubuta maka takarda a ce ka nemo magani a waje. Ana cikin haka wani mutum ya dawo daga kudu da farar riga da tabarau, ya kama shago a bakin kasuwar Bodinga, ya kafa allo wai yana gwajin jini. Daga baya muka ji shara yake yi a wani asibiti can. Amma da yake yana da manya a siyasa, ba wanda ya tambaye shi takardar shaida.

Kawuna makiyayi ne a wajen Horo Birni. Zazzaɓi ya saka shi gaba, ya tafi ya dawo, ga gumi, ga ciwon baya da gaɓoɓi. Ni ɗan bokon gida, ni na hana a ci gaba da jiƙe-jiƙe, na kai shi wurin wannan gwani ina hura hanci. Ya ɗebi jini, ya ɗiga a kan wani farin tangaran, ya ƙara ruwan wasu 'yan kwalabe masu launi, ya jujjuya, ya ɗaga sama yana ɓata fuska kamar mai duban wata.

"Taifot ta," in ji shi. "Ta kai maƙura."

Ya ba mu kafso. Sau uku muna zuwa cikin wata huɗu, amsar ɗaya, kafson ɗaya. Kawu da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya koma buta ma sai an ɗaga masa. Duk wanda ya zauna a bencin shagon nan taifot ce da shi, har wata tsohuwa da ta zo da ciwon haƙori.

A zuwa na uku ne ya buɗe firjinsa a gabana. Goro ne a ciki, an lulluɓe shi da ganye. Wayar firjin tana reto, don shagon ko lantarki ba a ja masa ba. Kwalaben gwajin kuwa suna jere a taga, rana tana gasa su.

Kwana biyu bayan nan aka yi suna a maƙwabtanmu. Da aka yanka rago na tari jinin a 'yar kwalba, na hau mota sai Bodinga.

"Ranka ya daɗe, jinin wani dattijo ne da ba ya iya tasowa."

Ya yi surkullensa, ya girgiza kai. "Wanga dattijo taifot ta cinye shi. Ku hana mai shiga rana, kuma ya bar aikin gona."

"Ai ya bari, likita," na ce, yadda kowa zai ji. "Da shi aka yi miyar suna yau da safe. Rago ne."

Benci ya kwashe da dariya. Mutumin nan ko gezau, ya gyara tabarau ya ce, "To, wa yac ce maka rago ba ya taifot?" Abin takaici, washegari ma an cika bencin.

Na ɗauki kawu zuwa Sakkwato. A ɗakin gwajin babban asibiti muka sami wata ma'aikaciya mai ɗan shekaru. Da na ba ta labari ba ta yi dariya ba. Ta ce irin wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake gani ba, alamar faɗan da jiki ya yi da ita yake nunawa. Ruwan gwajin in bai zauna cikin sanyi ba ya lalace, kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, sai an maimaita an kwatanta. Sannan ta juya ga kawu.

"Baba, shanunka sun yi ɓari bana?"

"Ukku sunka zubar," in ji shi.

"Kana tafasa madara kafin ka sha?"

Kawu ya dube ta kamar ta tambaye shi ko yana tafasa iska.

Ta yi wani gwajin daban, muka koma bayan kwana goma aka sake. Ciwon shanu ne da makiyaya ke kira bakkale, ya shige shi ta ɗanyar madara. Ya sha magani mako shida, zazzaɓin ya tafi. Amma watannin da muka ɓata sun riga sun ci masa ƙugu. Bai ƙara bin shanunsa kiwo ba, sai dai ya zauna a ƙofar ruga ya bi su da ido.

Na daɗe ina zagin wancan maƙaryaci, kuma har yau ban fasa ba. Sai dai rabin zagin nawa ne. Sau uku na tsaya ina kallonsa, kunyar a ce malamin makaranta bai gane ba ta hana ni buɗe baki. Tun daga nan, duk wanda zai taɓa jinin ɗan'uwana sai na tambaye shi me yake nema a ciki, kuma ta yaya zai gane shi. In ya ji haushin tambayar, na ɗauki majinyacina na yi gaba.