Malam Sahabi da rundunar bushiyoyinsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina cikin buɗe shago, ko benci ban fitar ba, waya ta shigo daga Maiyama. Nafisa ce, 'yar Malam Sahabi. Ta ce, "Kawu Tela, Baba ya rasu."

Na ce wane Baba? Wallahi ban gane ba. Ranar Asabar ɗin nan muna tare.

Ta ce ya dawo daga sallar asuba, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, ya ɗan kishingiɗa a zaure. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Yanzu muka dawo daga maƙabarta. Na kasa taɓa keken ɗinki, shi ya sa na ɗauki waya.

Mutanen Maiyama da Liba sun san shi da malamin dabbobi. Shekara da shekaru yana bin ruga-ruga a kan babur, yana yi wa shanu allura, Fillanci a bakinsa kamar Hausa. Ku kuma da ke bibiyata a nan kun san aikinsa ko da ba ku san shi ba. Hotunan nan da nake sawa, na 'yan ƙananan dabbobi masu takobi da garkuwa, waɗanda kuke ta tambayata, "Tela, wannan kuma mene ne?" To, yau mai abin ya tafi.

Bari in faɗa muku yadda tela ya shiga wannan harka.

Shekara huɗu ke nan, ina dawowa daga Aliero a kan babur, na kauce wa wata motar albasa na faɗa gefen titi. Hannun dama ya karye a wuyan hannu. An yi ɗori, ƙashi ya haɗe, amma yatsu suka ƙi. Ba sa lanƙwasuwa yadda nake so. Allura ma sai ta zame ta faɗi. A asibiti aka ce in riƙa matsa ƙwallon roba. Na matsa sati biyu, na jefar da ita bayan ɗaki.

Ni da aikin wuyan riga nake ci da iyalina tun ina saurayi. Na rufe shago na koma gida na zauna. Ba na son fita, ba na son a zo gaishe ni, don kowa ya zo hannun yake kallo.

Malam Sahabi a lokacin mai kawo mini ɗinki ne kawai. Mun saba, amma ba mu kai abokai ba. Ya zo Jega ya tarar da shago a rufe, ya yi tambaya har aka nuna masa gida.

Ya zauna a kan tabarma, ya ce, "Mi yas samu hannun? Miƙo in gani."

Ya juya shi, ya lallatsa yatsun ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duba ƙafar maraƙi. Bai ce sannu ba, bai ce Allah ya sauwaƙe ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ƙaramin gwangwani.

A ciki akwai 'yar bushiya ta roba, launin toka, ba ta kai babban yatsana ba. Kai ƙato, ƙafafu 'yan mitsi-mitsi, kumatu kamar ta cika baki da gyaɗa. Tana riƙe da mashi, ta kifa tukunya a kai a matsayin hular yaƙi.

Ya ce, "Wagga bushiya tsirara take. Ka yi mata tufa, ai kai tela ne."

Na ji haushi. Na ce, "Malam, ni ina tunanin abin da yara za su ci, kai ka kawo mani abin wasa?"

Ya ce, "I, abin wasa na. Ranar Laraba in zo in gani."

Ya ajiye mini buroshi mai gashi kamar gashin ido, da fenti kala huɗu a cikin murafen kwalba, ya tafi.

Kwana uku ban taɓa ba. Ran na huɗu zaman ya ishe ni, na ɗauka. Buroshin ya faɗi ya fi sau goma. Na shafa ja ya zarce har fuska. Da na zo idanu, ɗaya ya kalli gabas ɗaya ya kalli kudu.

Da ya dawo ya ɗaga ta sama, ya daɗe yana kallo ta gilashinsa. Ya ce, "Madalla. Wagga ita za mu sa gadi, tana ganin ko'ina."

Rabon da in yi dariya tun kafin haɗarin.

Daga nan duk Laraba sai ya zo da sabo. Kurege mai baka da kibiya. Kwaɗo mai rawani da sandar tsafi. Kunkuru da ya goya ganga. Shi ya koya mini in manna abin a kan murfin kwalba don in sami abin riƙewa. In jingina gwiwar hannu a kan tebur, in haɗa tafukan biyu, rawar hannun sai ta ragu. In tsinka fenti da ruwa, in shafa siriri sau biyu maimakon kauri sau ɗaya. Ido kuma da tsinken sakace ake ɗiga shi, a riƙe numfashi.

Bai taɓa ce mini wai magani yake mini ba. Ni ma ban lura ba, sai wata rana maɓallin rigar ɗana ya cire, na ɗauki allura na zura zare na ɗinke, sannan na tsaya ina kallon hannuna.

Da na buɗe shago, shi ya fara kawo yadi. Na ce, "Malam, hannun bai gama dawowa ba, kada in ɓata maka." Ya ce in ɗinka. Aljihun ya karkace, aikin wuyan ma wani gefe ya fi wani. Na ce ya bari in warware. Ya karɓe abinsa, ya sa rigar ya tafi masallacin Juma'a. Duk wanda ya gaisa da shi sai ya ce, "Tela ya koma aiki, ga shi a jikina."

A satin nan mutum uku suka kawo mini ɗinki.

Shi kansa bayan ya yi ritaya ya fara abin. Nafisa tana karatu a Aliero, ta nuna masa wani bidiyo a waya, wasu suna fentin irin waɗannan 'yan dabbobi suna wasan yaƙi da su a kan tebur. Ya kalla har sau uku, ya ce, "Ana samun su?" Ita ta yi masa oda ta intanet. Ya ce ranar da kwalin ya iso tasha, ya ji kamar ranar da aka fara ba shi babur a wurin aiki.

Wasan kuwa Asabar muke yi, bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Filin dagarmu wata tsohuwar ƙofa ce da ya shafa wa gam ya barbaɗa yashi, ya jera tsakuwa, ya yi bukkoki da kwali. A tsakiya akwai rijiya, ita ake faɗa a kanta. Kowa da mayaƙa biyar. Ka jefa ɗan ludo, abin da ya nuna shi zai faɗa maka ko saranka ya ci. Tafiya kuma da tef ɗina na awo ake auna ta. Ya ce tunda aka sami tela a runduna an huta da gardama.

Mu uku ne. Na ukun Jabbi, makiyayi ne daga wajen Liba, wanda Malam ya daɗe yana duba masa shanu. Ranar farko zuwa ya yi neman magani, ya tsaya kallo. Ya ɗauki wani ɗan bijimi mai gatari da Malam ya yi wa shuɗi, ya juya shi, ya ce, "Likita, ina ka taɓa ganin sa shuɗi?"

Malam ya ce, "Jabbi, ina ka taɓa ganin sa da gatari?"

Jabbi ya ce gatarin bai dame shi ba, launin ne ƙarya.

Asabar ta gaba Malam ya wanke bijimin ya mayar da shi ja wur, da farin ƙaho, irin shanun Jabbi sak. Tun daga ranar rundunar shanu ta zama tasa, ba mai taɓa masa.

Gaskiya Malam bai iya wasan ba. Allah ya jiƙansa, da wuya ya ci. Ana tsakiyar faɗa sai ya ɗauki mayaƙin abokin gaba yana yaba inuwar da aka sa a ƙasan garkuwa, ya manta an kewaye shi. Bushiyoyinsa sun fi na kowa kyau, sun kuma fi na kowa shan kashi.

Na san akwai waɗanda abin bai kwanta musu ba. Wasu sun rubuta mini a nan cewa mutum-mutumi ne, bai kamata ba. Yayansa ma ya taɓa yi masa magana a gabana. Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yaya, na ji, kuma na gode." Bai taɓa jera su a ɗaki don ado ba, a cikin akwati suke zama, a lulluɓe da tsumma. Da an kira magariba kuwa, ko saura jifa ɗaya a ci rijiya, zai rufe akwati ya ɗauki buta. Yau ban zo jayayya da kowa ba. Abin da na gani nake faɗa.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa.

Bai taɓa shigowa gidana hannu rabbana ba, ko da rake ne guda.

Akuyar maiɗakina ta kasa haihuwa, ya baro Maiyama da rana tsaka ya zo ya cire mata, ya wanke hannu, ya ce a ba shi ruwa kawai.

In ya ga aikina ya fi nasa kyau, shi zai fara faɗa. Wata rana ya dubi mujiyar da na yi wa alkyabba da zare-zaren zinariya, ya ce, "Tela, ka wuce ni. Ni na ji daɗi."

Ranar Asabar da ta wuce na same shi ya riga ya shimfiɗa tabarma, Jabbi ya kawo nono a kwarya. Malam ya gama wata sabuwar bushiya mai tuta, yana ta murna, ya ce yau kam rijiya tasa ce. Kuma saura kaɗan. Ya kai bakinta, saura jifa ɗaya. Ya girgiza ɗan ludo, ya hura masa iska, ya jefa.

Ɗaya.

Jabbi ya turo jan bijiminsa ya share bushiyar. Malam ya yi dariya har da tari, yana dukan cinya, yana cewa, "Kun gani ko? Tutar ta yi mata nauyi!"

Bayan magariba ya rako ni bakin titi. Ina ƙoƙarin tayar da babur ya dafa kafaɗata ya ce, "Tela, ni kam alhamdu lillahi. Na yi aiki, na ga jikoki, ga ni da hurhura ina wasa ƙofar gidana ba wanda yak kore ni. Mi yar rage?"

Na ce, "Saura ka ci rijiya."

Ya ce, "Wannan sai wani sati. Ka tuƙa sannu."

Iyakar maganarmu ke nan.

Yau a wurin jana'iza na ga mutanen da ban taɓa gani ba. Makiyaya da sandunansu, wasu a ƙafa suka zo. Manoma daga Jandutsi da Jiga Makera. Wani tsoho ya ce shekara ashirin da suka wuce Malam ya kwana biyu a rugarsu lokacin da ciwo ya shiga garke. Ni ban taɓa jin labarin ba, shi bai taɓa faɗa ba.

Da aka watse na ga Jabbi tsaye shi kaɗai a bakin hanya, idonsa ja. Na je muka gaisa. Can ya ce, "Tela, da na sani da na bar mai rijiyar nan."

Na ce, "Da ka bar mai da ya gane. Kuma da bai yi waccan dariya ba."

Ya yi tunani, ya gyaɗa kai. Sai muka tsinci kanmu muna murmushi a ƙofar maƙabarta, hawaye na zuba, muna jin kunyar mutane.

Zuciyata na ciwo, amma ba ta da ƙunci. Na ga mutumin da ya rayu yana gode wa Allah, ya yi sallar asuba a jam'i, ya koma ga Ubangijinsa a zauren gidansa.

Ya Allah ka jiƙan Malam Sahabi. Ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Yadda ya tausaya wa dabba da mutum, ka tausaya masa. Ka ba Nafisa da 'yan'uwanta da mahaifiyarsu haƙuri. In tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Wanda ya taɓa saɓa wa, don Allah ya yafe masa.

Kai kuma da ka karanta har nan, ko ba ka taɓa ganinsa ba, ina roƙonka abu ɗaya. Kafin ka wuce zuwa rubutu na gaba, tsaya ka ambaci sunansa ka yi masa addu'a. Sahabi ne sunansa.