Mutumin Sanusi a Na'ura ta Uku

Har gobe ranar da Oga Nasiru ya ce in kai na'ura ta uku a wanke ba ta fita raina ba. Ku da kuka zo aikin nan jiya-jiya, kullum kuna tambayata dalilin da ya sa tsohuwar na'urar can take lungu a lulluɓe da zane, ba a kunnawa, ba a sayarwa. To ku gyara zama. Kai Bashiru, ajiye wayar nan, ba guduwa za ta yi ba.

A lokacin ni kaɗai ke kula da wannan gidan gem namu na Talata Mafara. Oga ya sayo kaya, ni in tsare. In buɗe da hantsi, in tada janareta idan sola ta gaza, in raba faɗan 'yan ƙwallo. Ga wanda bai san aikin ba, gem iri biyu ne. Akwai na ƙwallo, a buga a tashi, kowa ya kama gabansa. Akwai mai dogon labari, wanda mutum zai yi makonni yana bi, duk inda ya tsaya sai ya yi ajiya cikin na'urar, gobe ya ɗora daga nan. Ƙa'idarmu kowa da gurbinsa da sunansa a kai, kuma ba a taɓa ajiyar wani. Wankewa kuwa ita ce a goge duk abin da ke ciki a zuba sabo.

A na'ura ta uku akwai wani gem da samari suka laƙaba wa Kurkukun Sama. Wani gidan yari ne da aka rataye can cikin sararin samaniya, ba ƙasa, ba hanya, sai taurari. Gandirobobin duk mutum-mutumi ne na ƙarfe, kowanne da fitila a goshi. Kai ne fursunan, kuma ba ka da ko wuƙar yankan farce. Aikinka laɓewa. Ka tsuguna bayan bututu, ka jira hasken ya wuce, ka rarrafa zuwa inuwa ta gaba. Yawancin samari ba su son shi, wai babu harbi. Ni kuwa idan shago ya yi shiru da azahar nakan kunna shi don kallo kawai. Akwai wata doguwar taga da wata shuɗiyar duniya take juyawa a bayanta sannu-sannu, da wata guda biyu, babba da ƙarami. Sai ka ji zafin garin ya yi nisa, kukan janareta ya koma kamar ruwa yana bin kwalbati.

Mutum ɗaya ne ya riƙe gem ɗin da gaske, Sanusi, ɗan garin Garbadu, mai saro albasa. Duk Talata idan ya sallami kayansa a kasuwa sai ya shigo, warin albasa na riga shi sallama. Ina tsokanarsa, "Ango, yau ma kurkukun za a koma?" Sai ya yi dariya ya ce, "Lawali, mai haƙuri shi ka dafa dutse." Ban taɓa ganin mai haƙurinsa a gem ba. Zai tsugunar da mutumin nasa, ya ɗora hannun gem a cinya, ya bar gandiroba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, kafin ya motsa. A haka ya kai har ɗaki na ƙarshe, wanda daga shi sai ƙofar fita. Ranar aka kira la'asar, ya laɓe bayan wani bututu kusa da tagar nan, ya yi ajiya, ya ce Talata mai zuwa zai fito da shi.

Talatar ba ta same shi ba. Farkon damina ne, aka tare motarsu a hanyar Maradun aka shige da su daji. Innalillahi. Kun san yadda abin yake, ba sai na faɗa ba. Na yi kwanaki ban ko dubi na'ura ta uku ba.

Har aka fara yankan shinkafa babu labari mai daɗi. Wata Talata da safe Oga ya zo ya ce sabon gem ɗin ƙwallo ya fito, abokan sana'a duk sun saka, samari sun fara guduwa can. Mai gyara a Gusau ya ce na'ura ta uku ce ta fi dacewa da shi, amma sai an wanke ta tas, kuma irin tamu ba a iya kwashe ajiyar a mayar.

Na ce, "Oga, ajiyar Sanusi na ciki."

Ya ce, "Lawali, ni ma abin na cina. Amma shago ba makabarta ba ne. Gobe ka kai ta."

Ba mugu ba ne, kun san shi. Gaskiya ya faɗa ta kasuwa. Ni dai raina ya ɓaci, na shiga goge talabijin da ba ta yi datti ba.

Muna nan sai ga wani dattijo a ƙofa, da malafa da buhu a kafaɗa. Ya cire takalmi a waje kamar zai shiga masallaci. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya koma ya tambayi iyali. Sannan ya ce shi ne Malam Garba, mahaifin Sanusi. Tun da abin ya faru yake bin wuraren da ɗansa ke zama, ya je rumfar albasa, ya je wurin mai shayi, mu ne muka rage.

"An ce mani shina da wani mutum nan cikin akwatinku," in ji shi. "Ko ana iya ganin shi?"

Na dubi Oga, Oga ya dubi ƙasa. Na kunna, na buɗe gurbin Sanusi. Ga shi nan yadda aka bar shi, tsugune bayan bututu, cikin rigar fursuna, kafaɗunsa na ɗagawa suna sauka. Hasken gandiroba ya ratso ta samansa ya wuce. A taga shuɗiyar duniyar na juyawa abinta.

Malam Garba ya zauna a bakin benci ya ƙura wa talabijin ido. Can ya ce, "Numfashi shi kai."

Na ce, "E, Baba."

"Ba su gan shi ba?"

"Muddin yana nan tsugune ba za su gan shi ba."

"Wa ka fidda shi?"

Na ce ko ni zan iya gwadawa, ƙofa ɗaya ta rage. Ya ɗaga hannu da sauri. "A'a, ɗana. Wanda yak kai shi nan shi za ya fidda shi. Ku bar mai abinai." Ya matsa kusa da talabijin, ya yi ƙasa da murya ya ce, "Sannu da haƙuri, bawan Allah."

Wallahi sai da na juya baya. Da na waigo, Oga na tsaye a ƙofa yana ta laluben mabuɗin mashin ɗinsa, alhali yana hannunsa. Ya ce, "Lawali, bar ta. Ka kai na'ura ta biyu." Ya fita.

Daga nan duk Talata Malam Garba sai ya zo bayan azahar. In kunna masa, ya zauna, ya cire malafa. Ba ya taɓa komai. Samarin da bakinsu ba ya mutuwa, da sun gan shi sai su rage murya, har mai cin ƙwallo ya yi murnarsa da hannu kawai. Ni ma sai in tsinci kaina ina kallo tare da shi, watannin nan biyu na cikin taga suna haye juna, har in manta a Mafara nake. Wata rana ya tambaye ni ko ana ruwan sama a duniyar can. Na ce ban sani ba. Ya ce da ganin shuɗinta ƙasar shinkafa ce.

Bayan an sha faɗi-tashi, Allah ya kuɓutar da Sanusi gab da azumi. Mahaifinsa ya zo ya faɗa mana, yana dariya hawaye na bin gemunsa. Ya ce a wata bukka aka ɗaure su, gajeriya, wadda mutum ba ya iya tsayuwa a ciki, shi ya sa ƙafafun yaron suka ƙi miƙewa, sai an yi jinya.

Sai bayan ƙaramar Sallah suka shigo tare. Ban gane Sanusi ba da farko. Ya rame, yana dogara sanda, bayansa a ranƙwafe. Bakina ya ƙi tsokana, shi ne ya ce, "Lawali, yau ba ka tambaya ko kurkukun za a koma?" Na kunna na miƙa masa hannun gem. 'Yan ƙwallo suka tsayar da wasansu suka zagayo.

Dukkanmu mun ɗauka zai jira hasken ya wuce ya rarrafa ƙofa, yadda ya saba. Ya daɗe yana kallon mutumin nasa. Sai ya danna maɓalli ɗaya, mutumin ya miƙe tsaye ƙyam, a gaban taga, cikin tsakiyar haske.

Malam Garba ya zabura. "Sanusi! Za su gan shi!"

Jiniya ta ɗauka, fitilu suka koma ja, gandirobobi suka nufo shi. Sanusi bai motsa yatsa ba. Ya ce, "Su gan shi, Baba. Tun damina shike tsugune. A bari ya miƙe ƙafa."

Ba wanda ya yi dariya. Na ga wani cikin 'yan ƙwallo, Bala mai bakin tsiya, yana share ido da wuyan riga.

Gem ne, da aka kama shi sai ya dawo inda aka yi ajiya, kuma a ranar Sanusi ya fito da shi kafin la'asar. Amma ni abin da ya zauna mini shi ne tsayuwar nan. Da ina ɗauka wasa muke sayarwa, a biya a buga a tafi. Ashe mutane na barin wani abu nasu a wurinmu, ba mu san nauyinsa ba, wani lokaci su ma ba su sani ba. Don haka duk wanda na kama ya goge ajiyar wani bai tambaya ba, ni da shi ne. Bashiru, ka ji ko? To tashi ka kaɗe zanen can, ya yi ƙura.