Rungumar da Aka Koya wa Ɗana

Ɗana na fari yaro ne mai sanyi, ko kaza ba ya kora da ƙarfi. A shekararsa ta farko a sakandare ya dawo gidanmu a Sintali kunnensa na zubar da ruwa. Wani siniya ne ya kwaɗa masa mari don ya ƙi wanke masa safa. Kunnen ya dame ni, amma babban tsorona kada su sauya mini halin yaro.

Washegari na tari keke na nufi makarantar, raina a ɓace. Aka tura ni wurin malamar da ke kula da kulob ɗin zaman lafiya. Ta tare ni da fara'a kamar na zo biki.

"Madam, a nan ba ma tambayar wa ke da laifi," in ji ta. "Tambayar ce ke kawo gaba. Sulhu muke yi."

Sulhun kuwa na gan shi da idona. Aka fito da su biyu a asambuli, kowa ya ce wa ɗan'uwansa "ka yafe mini," suka rungumi juna, ɗalibai na tafi. Ɗana, da auduga a kunne, yana ba da haƙuri! Haƙurin me? Ƙaton nan kuwa, har gemu ya fara tsiro masa, sai murmushi yake ta saman kafaɗar yarona ana ɗaukar hoto. Tir!

Ƙarshen zango wai shi aka naɗa jakadan zaman lafiya, don ya fi kowa yin sulhu. To ba dole ba, shi ya fi kowa dukan 'ya'yan mutane.

Kunnen dai ya warke. Bayan shekara biyu, wata ranar Asabar ina tankaɗen garin masara a tsakar gida, ƙanwar ɗan nawa ta taɓa masa waya. Sai na ji tas! Kafin in ajiye rariya har ya janyo ta ya rungume, tana ihu a ƙirjinsa, shatin yatsunsa a kumatunta.

"Ki yafe mini," ya ce da ita. "Ke ma faɗi."

Sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa a bushe.

"Mama, ai an gama. Mun yi sulhu."