Sai Baɗi, Ankon Hajiya Indabo

Duk wanda ya zauna Zangon Wagadugu ya san Adawiyya Shitu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan da ke fita da sassafe a kan jan moto, wato babur, hular kwano a saman hijabi, ta nufi wani asibiti a Tampuwi. "Likita" ake ce mata a unguwa. Ta yi bayani har ta gaji cewa ita ma'aikaciyar jinya ce, amma mutanen Zango in sun laƙaba maka suna, gara kawai ka karɓa. A wurin aiki yaren Mosi take yi da marasa lafiya, Faransanci da manyanta, in ta dawo unguwa ta koma Hausa. Mijinta Ja'afar yana aiki a wani kamfani a Kosodo, 'ya'yansu uku, kuma ƙofar gidansu na kallon ta gidan mahaifiyarta.

Mahaifinta, marigayi Alhaji Shitu, jikan fataken goro ne da suka ya da zango a nan tun ba a san kwalta ba. Mahaifiyar kuwa, Hajiya Indabo, daga Kano aka kawo ta amarya. Ta zo da harshen Kanawa da sana'ar atamfa da alkunya, kuma ba ta yar da ko ɗaya a ciki ba. Adawiyya ce 'yarta ta fari, don haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce a gabanta, "yarinyar nan" a bayan idonta. Ba ta yabonta, ba ta shiga faɗanta, ko ranar aurenta ɗaka ta shige ta bar wa gwaggonni hidima. Adawiyya ba ta ɗauki abin ƙiyayya ba, a haka ta tashi. Amma a ce ba ta taɓa sha'awar uwarta ta yi alfahari da ita a gaban mutane ba, wannan ƙarya ce.

Bayan ta daɗe tana jinya, sai ta koma karatu na shekara biyu don ta ƙware a fannin sa wa mara lafiya barci kafin tiyata. Ranar da ta gama jarabawar fita ta biya ta gidan uwar. Hajiya na ninke kaya, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Ya aka ƙare?"

"Alhamdu lillahi, Inna, ta zo da sauƙi."

Wannan 'yar maganar ce ta jawo komai. A lokacin Hajiya na da dila guda ta atamfa da aka kawo mata daga Lome, sabon zane ne, kore shar da tsuntsaye ruwan ɗorawa, babu mai irinsa a gari. Abin da ya shiga kanta Allah kaɗai ya sani. Matar da ta yi shekara da shekaru tana danne zuciyarta sai ga ta ta ɗauki almakashi ta fitar da anko, tana aikawa gida gida, wai na walimar yarinyar nan ne. Har nata ɗinkin ta kai wa tela da kanta. Adawiyya a bakin maƙwabta ta ji, ta garzaya ta ce, "Inna, sakamako fa bai fito ba."

"Ba ke kika ce ta zo da sauƙi ba?"

Sakamako ya fito, Adawiyya ta faɗi. Da kaɗan ne, amma faɗuwa ba ta da ƙarama a bakin mutane.

To, a Wagadugu atamfa ba ta zama ba suna. Kowane zane sai mata sun raɗa masa wani abu, kuma da sunan ake saye da sayarwa. A wani taron suna, Gwaggo Shatu, ƙanwar marigayi, mai baki kamar reza, ta ɗaga gefen zanenta ta ce, "Wannan ai sunansa Sai Baɗi." Aka kwashe da dariya, sunan ya zauna daram. Kafin wata ya zagayo ya isa babbar kasuwa, har 'yan kasuwar da ba su jin Hausa da shi suke kiran zanen. Wannan duk mai sauƙi ne. Maganar da ta fi ciwo ita ce wadda ake yi ƙasa ƙasa: wa ya aike ta? Uwa ta fitar wa 'yar fari anko da hannunta? Ga riga malam masallaci, ga zubar da alkunya.

Hajiya Indabo ta janye jikinta. Ta miƙa shago ga ɗan ƙaninta, ta daina zuwa biki da suna, ta'aziyya ma sai dai ta yi aike. In an tambaya ta ce ƙafa ce ke damunta. Adawiyya ta duba ƙafar, ta matsa nan ta matsa can, ba ta ga komai ba. Daga ɗaki zuwa tsakar gida, nan duniyar Hajiya ta tsaya, kwanon abinci kuwa kusan yadda ya shiga haka yake fitowa. A waje zanen ya bazu, tunda waɗanda suka ɗinka ba za su zubar ba. Wata rana a asibiti wata mata ta zo awo da jariri goye a cikinsa, Adawiyya ta kwance goyon da hannunta ta ɗora yaron a sikeli, matar ba ta san komai ba. Adawiyya ce ta faɗi, amma uwarta ce ta ɗauki kunyar, kuma wannan ya fi faɗuwar ci mata rai. Abu ɗaya take so, ta ga tsohuwar ta sake taka ƙofar zaure.

Ta maimaita shekarar. Da lokaci ya zo ta sake zama jarabawar, ba wanda ya sani a unguwa sai mijinta. Wata abokiyar karatunta, Aminata, ita ta kira ta a waya tana ihu cewa sun ci su duka biyun. Ta je ta duba sunanta da kanta. Abokan aiki suka ce sai an yi arozaj, wato wanda ya samu ci gaba ya wanke shi da ciye-ciye. Ta kai su wurin masu gasa kaji, aka ci aka sha lemo, aka yi ta hotuna. Ita dai tauna kawai take yi. Daga nan ba ta zame ko'ina ba sai gidan uwar.

"Inna, na ci."

Hajiya ta ce, "Kin gani da idonki?"

"Na gani."

"To, alhamdu lillahi. A yi sadaka a kai masallaci. Kada a tara min mutane."

Adawiyya ba ta saba ƙetare maganar uwarta ba, amma a wannan karon ta ƙetare. Sadaka dai an kai. Sannan ta bi gidajen Zango da ƙafarta tana cewa walima ranar Lahadi bayan azahar, a ƙofar gidan Hajiya, kuma kowace ta zo da ankon bara. Wata ta ce nata ta yanka wa yara, wata ta ce labule ta yi da shi. Adawiyya ta ce ko ɗankwali ne ya rage a ɗauro. Da ta isa wurin Gwaggo Shatu ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Gwaggo, ke kika raɗa masa suna, ke za ki zauna a gaba."

"Ja'ira," in ji Gwaggo Shatu tana dariya. "Kin zo ki kama ni da bakina ke nan. Zan zo."

Ranar Lahadi aka kafa rumfa, aka jera kujeru, ga shinkafa, ga waina, ga zumkum, abin sha na garin gero, mai sanyi a manyan robobi. Layin ya yi kore. Na wasu ya sha wanki ya koɗe, na wasu yana nan da ƙyallinsa, na Adawiyya kuwa a makon ta ɗinka shi. Aka yi addu'a aka shafa. Har la'asar ta gota Hajiya na ɗaki, kuma ba wadda ta yarda ta sa hannu a abinci mai gida ba ta fito ba. Hira ta fara mutuwa, ana satar kallon ƙofa.

Adawiyya ta shiga ta durƙusa a bakin ɗakin. "Inna, baɗin ta zo. Suna waje suna jiranki."

"Shatu na nan?"

"Tana kujerar gaba."

"Ja min ƙofar."

Ta ja ƙofar ta tsaya a tsakar gida. Can ta ji an ce, "Ke." Ta shiga ta tarar da uwarta tsaye cikin ɗinkin bara, yana ƙamshin akwati, layin ninki duk a jikinsa. Sai dai tela ya auna Hajiya ne lokacin tana da jikinta. Yanzu wuyan rigar ya zame daga kafaɗa, hannuwan sun zarce, zanen ya zagaye ta har ya yi saura. Adawiyya kullum tana ganinta cikin tsofaffin riguna masu faɗi, sai yau rigar nan ta nuna mata abin da shekarar ta ci. Tausayi ya kama ta, hawaye suka zubo.

"Bar kukan nan," in ji Hajiya. "Matse min ta baya, kada Shatu ta samu abin faɗa."

Ta ɗauko fil a kan madubi, ta tattare rigar ta baya ta soke, ta gyara mata mayafi ya rufe wurin. Suka fito. A bakin zaure Hajiya ta dafa bango, hasken waje ya sa ta runtse ido. Adawiyya ta miƙa hannu za ta riƙe ta.

"Ke, koma baya."

Ta koma. Hajiya Indabo ta taka dokin ƙofa ta fita, wata ta rangaɗa guɗa, Gwaggo Shatu ta miƙe ta bar mata kujerar gaba. Ana ta yi wa Adawiyya barka ta ko'ina, tana amsawa da ka. Ita dai tana biye da uwarta, idonta a kan bayan rigar, kada fil ɗin ya kwance.